Tsallaken Inna Mai Daddawa

Ni 'yar Gusau ce. Aure ne ya kai ni wani ƙauye a gindin duwatsun Kwatarkwashi, aikin koyarwa kuma ya biyo ni can. Maigidana direban babbar mota ne, sai ya yi mako biyu bai taka gida ba, don haka zamana da uwarsa ne, da 'yarmu guda wadda a lokacin take shekara uku. Surukata ba muguwa ba ce, kada wani ya karanta wannan ya ɗauke ta haka. Mace ce mai kyauta, mai ibada. Sai dai in ta kafe a kan magana, gara ka je bayan gari ka gwada ture dutse. Malama take kirana, da wata irin murya da ba ka rabe yabo ne ko zolaya.

A unguwarmu akwai wata tsohuwa da kowa ke ce wa Inna mai daddawa. Ba 'yar garin ba ce ita ma, daga wajen Tsafe aka auro ta tun tana yarinya. Mijin ya rasu, 'ya'yan da ta haifa babu wanda ya rayu, ta ci gaba da zama a ɗakinta da tukwanenta. Takan wuni tana dafa kalwa, ta surfa, ta wanke, ta rufe ta da ganye har ta ruɓa yadda ake so, sannan ta kirɓa ta mulmula ta shanya. Hayaƙin shekara da shekaru ya mayar da idanunta jajaye, warin daddawa kuwa yakan riga ta shiga gida. Ba ta da mai yi mata talla, da kanta take ɗora ƙwarya a ka ta bi gida gida. Babu gidan da ba ta shiga a unguwar nan. Tana da wata ɗabi'a kuma: da ta ji an ce wani ba lafiya, sai ta dama kunu ta tafi dubiya, ko da jiya ne suka yi faɗa da masu gidan.

'Yata ta shaƙu da ita ƙwarai. In na zauna ina duba littattafan 'yan aji, Inna takan sauke ƙwaryarta ta goya ta, tana zagaya tsakar gida da ita tana ce mata kishiya ta ƙwace mata miji. Yarinya ta yi ta ƙyalƙyala dariya.

Wata damina aka yi ruwa mai yawa. Masai ya cika a gidaje da dama ya malalo, ruwa ya kwanta har bakin rijiyar da muke ɗiba. Ba a jima ba amai da gudawa suka shigo gari. Yara biyu suka rasu a layinmu cikin mako guda. A gidan makoki na fara jin maganar, ƙasa ƙasa, daga bakin wata da ban ma ga fuskarta ba: ai duk gidan da ciwon nan ya shiga, tsohuwar nan ta shiga. Na ji, na taɓe baki, na ce a raina ƙauyanci dai ba ya ƙarewa. Lokacin ciwon bai zo ɗakina ba tukuna.

Ranar da ya zo, da safe ne, ina shirin makaranta. Yarinya ta fara amai, sai gudawa kamar an buɗe famfo. Kafin hantsi idanunta sun faɗa, in ka ja fatar cikinta sai ta tsaya a tattare. Na kira wayar ubanta ba ta shiga. Na yafa mayafi na ruga ƙaramin asibitin garin wurin ma'aikaciyar jinya da muke ce wa Sista, wata Kirista daga wajen Filato, wadda baƙunta ta haɗa mu ƙawance. Marasa lafiya sun cika mata har baranda, babu gado ko ɗaya. Ta ba ni ƙullin garin gishiri da sukari da wasu ƙwayoyi, ta ce in tafasa ruwa, in riƙa ba yarinyar da cokali kaɗan kaɗan, ko ta amayar in ci gaba. Ta riƙe hannuna ta ce, "In kin ga ta yi fitsari, to ta juyo. In har la'asar ba ta yi ba, ki kawo ta ko a ƙasa ne mu ɗaura mata ruwa."

Na ɓoye maganin a cikin mayafi na shiga gida. Dalili kuwa, tun kwana biyu surukata ke faɗin wannan ciwo ba na asibiti ba ne, kuma in aka sa masa maganin asibiti fusata yake yi. Ba ni da ƙarfin gardama a ranar. Na shige ɗaki, na saki labule, na tafasa ruwa a risho, na zauna da cokali.

Ina cikin haka na ji sallamar Inna mai daddawa. Ta ji labari, ta damo kununta kamar yadda ta saba. Surukata ta tare ta a bakin ƙofa. Yarinya kuwa, da ke kwance ba ta san inda kanta yake ba, da ta ji muryar da ta sani sai ta buɗe baki ta ce, "Inna. Inna." Sau biyu, da 'yar muryar da ta rage mata.

Surukata ta dafe ƙirji ta yi salati da ƙarfi. "Kun ji ko? Ta kama sunanta! Wallahi ta kama sunanta!"

Kafin ka ce kwabo tsakar gidanmu ta cika da mata. Kowa ta kawo nata guntun. Wata ta ce jiya da idonta ta ga tsohuwar ta shafa kan yarinyar ta ce ta yi ƙiba, ba ta ce tubarkalla ba. Wata ta ce a dubi idanunta, mayu ai da jan ido ake gane su. Wata ta lissafo gidajen da aka yi rashi, ta ce duka ta shiga. Wata kuma ta ce mace ta haifi 'ya'ya duk su mutu ita tana nan garau, ai abin dubawa ne. Haka aka yi ta jera magana kan magana, kowace ta jingina da 'yar'uwarta, har suka zama kamar katanga.

Yau in na tuna raina ɓaci yake yi, don babu ko ɗaya a cikinsu da za ta iya tsayawa da ƙafarta. Mayu suna da jan ido, an ji. To, duk mai jan ido maye ne? Ashe rabin matan da ke girki da ɗanyen itace a damina sun shiga uku. Ta shiga gidajen da aka yi ciwo; ta kuma shiga gidan liman, da gidan mai unguwa, da gidan ita mai lissafin, ko ciwon kai ba a yi ba. Waɗannan babu wadda ta ƙidaya. Yaro cikin zafin ciwo kuwa wa zai kira in ba wanda yake so ba? Da ni ta kira, da an ce Allah sarki, uwa mai daɗi. Duk wannan na san shi, kuma ba yau na san shi ba. Ina bayan labule ina jin su, ina warware maganarsu ɗaya bayan ɗaya a cikin kaina, hannuna yana kai cokali bakin 'yata.

Aka yanke cewa bayan la'asar za a sa ta ta tsallaka yarinyar. Al'adar ke nan a wurin: wadda ake zargi da kama kurwar mutum, sai a kwantar da mara lafiyar a ƙasa ta ƙetare shi sau uku, wai ta haka take sakinsa. Aka zaunar da Inna a gindin turmi, mata biyu suna tsare da ita kamar za ta gudu. Ina za ta gudu, tsohuwar da sai ta dafa gwiwa take miƙewa?

Ana kiran azahar na ɗaga 'yata zan gyara mata kwanciya, sai na ji zanen da ke ƙarƙashinta a jiƙe, da ɗumi. Na sunsuna don in tabbatar. Fitsari ne. Na rungume ta na yi kuka ba sauti. Amai ma ya tsaya tun ɗazu, ruwan yana zama a cikinta. Abin da Sista ta ce in jira ya zo, kuma ya zo tun tsohuwar tana zaune a gindin turmi ba ta ɗaga ƙafa ba. Ni kaɗai na san wannan a duk faɗin gidan.

La'asar ta yi. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka ce in fito da ita. Na fito da ita. Aka ce Inna ta cire mayafi da kallabi, don kada ta ɓoye wani abu a ciki. Ta cire. Ban taɓa ganin kanta ba sai ran nan: furfura ce 'yar kaɗan, an kitsa ta gida biyu. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi rantsuwa ba. Ta bi fuskokin matan da kallo har ta zo kaina, sai ta tsaya.

"Malama," ta ce, "ke kinka yi karatu. Hwaɗa musu. Ni nir riga ciwon ga shigowa, ko shi yar riga ni?"

Tambaya ke nan da ta fi duk abin da aka faɗa a gidan tun safe, kuma amsarta tana bakina. Ciwo ya riga ta. Jin labarinsa ne ma ya kawo ta. Sauran kalmomi kaɗan ne: na ba yarinya magani, ta riga ta juyo, ku bar baiwar Allah ta tafi. Na dubi surukata, na dubi matan nan da zan ci gaba da zama da su, na ji abin da za su ce, wai 'yar boko ta zaɓi mayya a kan 'yar cikinta. Akwai kuma wani abu da ya fi wannan muni, wanda sai da na daɗe kafin na yarda da shi ko a raina. Wata 'yar murya a cikina tana cewa, to in fa akwai ɗigon gaskiya? Me za a rasa in ta tsallaka?

Na ce, "Inna, ki tsallaka kawai. In ba ke ba ce, ai ba abin da zai same ki."

A duk maganganun banza da aka yi ran nan, tawa ce ta fi kowace zama banza, kuma daga bakin mai takardar koyarwa ta fito. Inna ta dube ni. Sannan ta tattare zanenta, ta ɗaga ƙafa da ƙyar, tana kaffa-kaffa kada ta taɓa yarinyar. Sau uku. A na ukun ta yi tangaɗi, babu wadda ta miƙa mata hannu. Ta ɗauki kallabinta da kwanon kununta da ya huce, ta fita.

Washegari da safe 'yata ta tashi zaune ta ce za ta sha koko. Surukata ta rangaɗa guɗa. Kafin rana ta take labari ya gama gari: ta tsallaka, ta sake ta. Mutanen da jiya suke cewa zato zunubi, yau suka ce to, gani ya kori ji. Lafiyar 'yata, wadda na roƙa da hawaye, ita ce ta zama shaidar da ta gama da tsohuwar nan.

Ba wanda ya doke ta, ba wanda ya kore ta. Daina sayen daddawarta aka yi. In ta yi sallama sai a ce masu gida ba sa nan, tana jin motsinsu. In ta biyo hanya mata su juya goyonsu wajen bango. A cikin kwanakin nan ne ma'aikatan lafiya suka zo suka zuba magani a rijiyoyi, suka hana ɗibar tamu, ciwon ya lafa. Mutane suka ce kun gani, tun da ta daina shiga gidaje abin ya tsaya. Sista ta yi ta faɗa har muryarta ta dushe, aka ce ita baƙuwa ce, ba ta san garin ba. Da na ba ta labarin abin da ya faru a tsakar gidanmu, ba ta zage ni ba. Cewa ta yi, "Malama, da ke na dogara." Ta ci gaba da wanke hannunta.

Da kaka ta yi, wani ɗan wanta ya zo da amalanke daga wajen Bilbis, can ƙasar Tsafe, ya kwashe ta da tukwanenta.

Hutun makaranta na je Gusau ganin gida. Mahaifina mai gyaran babur ne, bai yi boko ba, allo ma bai yi nisa ba. Na same shi a rumfarsa hannu duk baƙin mai, na zauna a benci na ba shi labarin, amma a karkace, kamar abin da ya faru a gidan maƙwabta. Yana sauraro yana goge wani ƙarfe.

Ya ce, "In babur ya ƙi tashi, kis sauya mishi fulogi, kiz zuba mishi sabon mai, yat tashi, wanne yag gyara shi?"

Na ce ba a sani ba.

"Awo. Shi ya sa ɗai-ɗai nika taɓawa. Wanda duk yat taɓa biyu yac ce ya san wanne na, ƙarya shikai, ko da ya dace." Ya ajiye ƙarfen. "To, da ɗiyar ta mutu bayan tsallaken, mi za a ce?"

Na ce za a ce ta ƙi sakinta.

"Ta tashi, mayya. Ta mutu, mayya. Gaba kura, baya sayaki. To mi anka gwada? Awon da duk abin da kaɗ ɗora mishi nauyi guda shika ba ka, ai ba awo ba na, an gama hukunci tun ba a zamna ba." Ya ɗago ya dube ni sosai, irin kallon da yake mini tun ina ƙarama in na fasa abu na ɓoye. "Uwar ɗiyar ga, ta san an ba da magani?"

Na ce ta sani.

"Ta san ɗiyar ta juyo kahin a tsallaka?"

Na sunkuyar da kai. Bai sake tambaya ba. Ya jawo wani babur ya durƙusa a gabansa, ya daɗe yana kwance abin da na tabbata ba ya buƙatar kwancewa. Tun da nake da shi bai taɓa juya mini baya ina zaune ba sai ran nan.

Da na koma na faɗi gaskiya. Na fara da surukata, na nuna mata ragowar ƙullin maganin, na gaya mata zancen fitsarin da lokacin da aka yi shi. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "Malama, ruwa ba ya tsami banza." Na faɗa a gidan suna, na faɗa a islamiyyar matan aure. Wasu suka ce to me ya hana ki faɗa a ranar? Wannan tambaya ce mai kyau. Wasu kuma suka ce Allah sarki, ita ma tsohuwar ta shanye ta. Nan na gane cewa ni ma na shiga awon nan da Baba ya faɗa: in na yi shiru shaida ne, in na yi magana shaida ne. Gaskiyar da za ta yi aiki da la'asar ɗin nan, bayan wata uku ba ta ɗaga ko tsinke ba.

Na daɗe ina cewa zan je in same ta. Hanyar Tsafe ba kullum take biyuwa ba, wannan gaskiya ne, amma na fake da shi fiye da yadda ya kamata. Sai da 'yata ta shiga aji huɗu, mun ma dawo Gusau da zama, sannan wata ranar kasuwa na shirya mu biyu muka shiga mota. Na saya mata turmin atamfa da sabulu da goro. A hanya ina ta tsara abin da zan ce. Na ƙudurta zan sa yarinyar a cinyarta, a gaban kowa, don duk mai ido ya gani.

Muka yi tambaya har muka sami gidan. Tana zaune a ƙofar wani ɗan ɗaki tana ɓarar gyaɗa a faifai. Ta ƙara tsufa, ta ƙanƙance. Babu tukunyar kalwa ko ɗaya a gidan. Na yi sallama, ta ɗago, ta gane ni tun ban faɗi ko wace ce ba.

"Malama? Lale, lale. Ke ta da rana haka? Ina maigidan? Ina tsohuwa?"

Ta jawo mini tabarma da kanta. Har da surukata ta tambaya, da lafiyar ƙafarta. Na durƙusa na fara abin da ya kawo ni. Ban kai rabi ba ta ɗaga hannu.

"Bari, bari. Na yahe miki tun ban baro garin ba. Uwa ta, ɗiyarta na kwance. Mi kika so ta yi?"

Sai na ji wani sanyi, na juya na yafito 'yata da ke tsaye a bayana tana kunya. Na ce, "Inna, ga ta nan fa. Ga kishiyar taki ta girma. Na kawo ta ta gaishe ki."

Fuskarta ta sauya. Ta yi maza ta kawar da kai wajen bango, ta cusa hannayenta biyu a ƙarƙashin zane.

"Hitar da ita."

Na ce, "Inna, ai ni na sani, na kuma faɗa wa kowa..."

"Na ji. Hitar da ita zaure. Hanya da nisa, ga rana, ga ruwan da ba ta saba ba. In kunka koma tay yi ko zazzaɓi, wa za a ce? Nan ba su san zancen ba, Malama. Nan ina da sauran mutunci. Ki bar mini shi."

Na tsaya ina juya maganarta, ina neman inda ta karkace, kamar yadda na saba yi wa maganar kowa. Yara sukan yi zazzaɓi bayan tafiya. Mutane sukan waiwaya su nemi wanda aka gani na ƙarshe. An taɓa yi mata, kuma da bakina aka ƙarasa. Kowane mataki ya hau kan na bayansa daram, ban sami inda zan sa yatsa ba.

Na kama hannun 'yata na kai ta zaure, na ce ta jira ni. Na dawo muka ƙarasa gaisawa. Da na tashi tafiya ta kai hannu cikin faifan, ta damƙo gyaɗa cike da tafi, irin ta tsohuwar da ba ta iya barin yaro ya bar gidanta hannu wofi. Ta riƙe ta jim kaɗan tana kallon ƙofar zaure. Sannan ta buɗe hannun a hankali ta mayar da ita cikin faifan.